Ɗan haya ya gyara kwano da kuɗinsa, ya riƙe hayar wata uku: wa zai ɗauki me?

Ɗan Goggo, Garwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san gini da waɗanda suka san doka, don maganar tana neman ta fi ƙarfin cikin gida.

Goggona tana da gidan haya a nan Garwa, arewacin Kamaru, ɗaki da falo guda huɗu a tsakar gida ɗaya, masai ɗaya, famfo ɗaya. Mijinta ya rasu, da wannan hayar take ci take sha. Kowane ɗaki sefa 20,000 ne a wata, kuma kowa ya ajiye kuɗin wata biyu ranar shiga, wato 40,000. Babu takarda tsakaninta da kowa, da baki aka yi.

A watan Agusta aka yi ruwa da iska, ɗakin ƙarshe ya yi yoyo har silin ya rufto ta kusurwa ɗaya. Ɗan hayar da ke ɗakin ya ce ya kira ta a waya sau biyu, ta ce ya yi haƙuri sai damina ta wuce. Ita ta amsa ya kira, amma ta ce ba ta taɓa ce masa ya gyara ba. Sai ya kawo kafinta. Ga lissafin da ya miƙo: kwano falle 4 mai mita 3, 26,000, katakon lat (wanda ake buga kwano a kai) 4, 10,000, ƙusa 4,000, falankin silin 2, 10,000, ladan kafinta 15,000. Rufi ke nan, 65,000. Ya ƙara da fentin ɗaki 18,000, sabuwar kubar ƙofa 4,500, da kan famfon tsakar gida 3,000. Duka 90,500. Wata uku ke nan bai ba ta ko dala ba, ya ce ya cire 60,000, yana bin ta 30,500.

Ga kuma masai ya cika. Goggo ta ce 'yan haya huɗun su haɗa kuɗin yashewa, su kuma sun ce ba nasu ba ne. Babban ɗanta yana cewa zai je ya cire ƙyauren ɗakin ya yanke wa mutumin wuta. Ni aka ɗora wa shiga tsakani. Wane gyara ne nata, wane ne nasa? Yana da ikon riƙe haya haka? Ta ina zan fara?

Tsohon Kafinta, Marwa

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a zauna kan lissafi, a hau saman ɗakin tukuna. Ka nemo kafintan da ba shi ya yi aikin ba, kuma bai haɗa dangi da kowa cikinsu ba, su biya shi kuɗin hawa rabi da rabi. Abin da zai gano shi ne dalilin yoyon, domin dalilin ne ke nuna aljihun da za a taɓa.

Abu na farko, a fito da tsofaffin kwanon da lat ɗin da aka cire. Lat ɗin da gara ta ci, in ka karya shi a gwiwa za ka ga cikinsa jar ƙasa ce da ramuka, bayansa kuwa sumul kamar ba abin da ya same shi. Wannan ɓarnar ta shekaru ce, ɗan haya ba shi da hannu a ciki. Da zarar gara ta cinye cikin katako, ƙusa ba ta da abin kamawa, iskar farkon hadari sai ta ɗaga fallen ta mayar, ta ɗaga ta mayar, har ramin ƙusar ya yage. Sannan a dubi ramukan ƙusa a jikin tsohon kwanon. Zafin Maris da Afrilu a nan arewa yana wuce digiri 40 a inuwa, a kan kwano kuwa ya fi haka nesa. Fallen alminiyon mai mita 3 yana miƙewa ya koma kusan milimita 3 tsakanin tsakar rana da asuba. Shekara da shekaru ana haka, ramin ƙusa ya zama dogo kamar ƙwayar shinkafa, robar da ke ƙarƙashin kan ƙusar ta bushe ta tsage. In ramukan haka suke, tsufa ne, na mai gida ne. Haka nan in ƙusar baƙin ƙarfe aka buga a alminiyon, za ka ga gefen ramin ya ci ya yi fari-fari. Laifin wanda ya yi rufin farko ne.

Akwai yoyon da gini ne ya zo da shi tun asali. Inda falle ya hau kan falle ta tsawo, bai kamata hawan ya gaza santimita 15 ba, in rufin ba shi da gangara sosai ma a kai shi 20. Masu son rage falle ɗaya sukan bar santimita 5 ko 8, ruwan da ya zo da iska sai ya hau ta ƙarƙashi ya zubo ciki. Ta gefe kuma tudu ɗaya da rabi ake haɗawa. Ƙusa a kan tudu ake buga ta, wadda aka buga a cikin kwari hanyar ruwa aka buɗe. In gidan irin mai katanga ce da ta rufe bakin kwano, a duba inda siminti ya haɗu da kwanon, nan ne ya fi tsagewa.

Wanda ke kan ɗan haya shi ma a bayyane yake. Farantin parabol na talabijin ko na sola da aka kafe da ƙusa a jikin kwano. Sawun ƙafa a tsakiyar falle inda babu lat a ƙasa, wurin ya lotsa ruwa na kwanciya. Tayoyi da duwatsu da tarkacen da aka jibga. Ganyen dalbejiya da ya toshe indararo har ruwa ya koma baya, alhali share shi aikin minti goma ne da tsintsiya.

Falankin silin da ya rufto shi ma shaida ne, kada a bari a hura wuta da shi. Juya bayansa. In ka ga zoben tabo kan zoben tabo, ruwan ƙasa-ƙasa, wani cikin wani, ruwa ya yi damina biyu ko uku yana sauka a wurin. In tabo ɗaya ne mai faɗi, sabon abu ne. Wannan yana da amfani ta fuska biyu: yana nuna rufin ya daɗe da lalacewa, yana kuma ta da tambayar ko mai ɗakin ya ga tabon bara ya yi shiru.

Sai ƙidayar kaya. Sabon falle ba ya ɓuya a cikin tsofaffi, a ƙirga, huɗu ne ko uku. A dubi kaurinsa, kada a ce an sayi mai kauri a kafa mai laushi kamar gwangwani. Falle mai mita 3 yana hawa lat huɗu, ƙusa uku ko huɗu a kowane layi, falle huɗu ba za su ci fiye da ƙusa 60 zuwa 70 ba. Falankin silin ɗaya santimita 122 ne a 244, kusan murabba'in mita 3, a auna inda aka canza a gani ko biyu sun shiga. A ƙarshe a gwada aikin: mutum ɗaya a sama da bokiti, yana zuba ruwa daga ƙasan rufin yana hawa a hankali, wani a ciki yana kallo. In aka fara daga sama, ruwan zai wanke ko'ina, ba za a san inda ke yoyo ba.

Ni a ganina lissafin rufin nan bai yi kama da na cuta ba, amma ido ne zai tabbatar. Kuma ka gaya wa Goggo, da girmamawa, sauran ɗakuna ukun rana ɗaya aka rufe su da wannan. Ta sa a leƙa cikin silin ɗinsu da tsakar rana a watan Fabrairu ko Maris, duk inda haske ya ratso rami ne. Canza ƙusa da roba da shafa wa katako maganin gara a lokacin rani bai kai kuɗin falle biyu ba.

Akawun Lauya, Garwa

Baba Kafinta ya gama da sama, bari in ɗauki ɓangaren takarda.

Rashin rubutu bai rushe hayar ba. A yankunanmu na arewa Kod Sibil, wato kundin dokar mu'amala tsakanin mutane, ne ke aiki kan hayar gidan zama, kuma sashe na 1714 ya yarda a yi haya da rubutu ko da baki. Rabon gyara ma yana ciki. Sashe na 1719 da na 1720 sun ɗora wa mai gida ya miƙa ɗaki cikin kyakkyawan hali, ya kuma ci gaba da yin duk gyaran da ya zama dole muddin ana cikin haya, ban da ƙananan gyare-gyaren da ke kan ɗan haya. Sashe na 1754 ya kawo misalan waɗannan ƙananan: gilashin taga, 'yan tayil da suka fashe, ƙyaure da hinji da sakata da kuba, da yaɓen gindin bango zuwa tsayin mita ɗaya. Sashe na 1755 kuma ya ce ko waɗannan ɗin ba sa kan ɗan haya in tsufa ne kawai ya kawo su, ko wani abin da ya fi ƙarfin mutum. Saboda haka gindin bangon da danshin ƙasa ya cinye ba za a ɗora wa ɗan haya ba, amma wanda yara suka farfashe da wasa nasa ne, don sashe na 1735 ya ce yana ɗaukar ɓarnar mutanen gidansa.

In aka bi lissafinku da wannan ma'auni, rufi da silin na Goggo ne, sai dai in binciken kafinta ya nuna hannun mai ɗakin. Kuba tasa ce, sai in ya nuna tsohuwar ta mutu ne don shekaru. Fenti ƙawa ce da ya yi wa kansa ba tare da an amince ba, ba shi da hujjar neman 18,000, sai dai ɗan abin da ya shafi inda ruwa ya ɓata bango. Masai kuwa, ka yi haƙuri ka faɗa wa Goggo gaskiya: sashe na 1756 ya ce yashe rijiya da yashe masai na mai gida ne, sai in an yi sharaɗin akasin haka tun farko. Tunda babu takarda, sai ta kawo shaidar cewa an yi wannan sharaɗin ranar shiga.

To amma kasancewar gyaran nata ne bai ba shi ikon yanke wa kansa hukunci ba. Biyan haya a kan lokaci wajibi ne mai zaman kansa a sashe na 1728. Hanyar da doka ta shimfiɗa wa ɗan haya ita ce ya fara da takardar gargaɗi mai kwanan wata, ya faɗi abin da ya lalace da wa'adin da ya bayar. In an ƙi, ya je kotu ya nemi izinin yin gyaran da kuɗin mai gida, abin da sashe na 1144 ya tanada ke nan. Wanda ya tsallake waɗannan matakai ya sa kuɗinsa cikin kasada. Alƙali yana iya mayar masa da abin da ya kashe in ya gamsu gyaran na gaggawa ne, dole ne, kuma ba a yi almubazzaranci ba, kuma silin da ya rufto a tsakiyar Agusta hujja ce mai ƙarfi. Amma wannan alƙali ne zai faɗa, ko su biyun su amince a rubuce. Kafin nan, a idon doka, mutum ne da ake bi hayar wata uku.

Mutane suna yawan tsoratar da 'yan haya da kurkuku, gara a san iyakar abin. Kundin hukunta laifuka na 12 ga Yuli 2016, sashe na 322-1, ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, da tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko ɗaya daga ciki, ga ɗan hayar da ake bi wata biyu, aka kai masa takardar neman biya, wata ɗaya ya wuce bai biya ba bai kuma tashi ba. Sharaɗin shi ne hayar ta kasance mai rajista a ofishin haraji. Taku ta baki ce, wannan sashen bai hau kansa ba. Abin da Goggo ke da shi shi ne ƙarar neman kuɗi da raba haya a kotun matakin farko, wadda ke sauraron da'awar da ba ta wuce sefa miliyan 10 ba. Kuɗin wisiye, wato jami'in shari'a mai kai takarda, da hatimi, da zirga-zirga, za su iya haɗiye abin da ake rigima a kai.

Maganar cire ƙyaure da yanke wuta, don Allah ka tare ɗan'uwanka tun yau. Kotu kaɗai ke fitar da ɗan haya, wisiye ne ke zartarwa. Wanda ya kutsa ɗakin mutum ya cire ƙofa ya mayar da kansa wanda ake ƙara, kuma duk abin da aka ce ya ɓace a ɗakin a wuyansa zai rataya. Mai gaskiya a hannu sai ya wayi gari a kwamisariyar 'yan sanda yana ba da haƙuri.

Abu ɗaya da ya kamata shi ma ɗan hayar ya sani: sashe na 1731 ya ce in ba a rubuta halin ɗaki ranar shiga ba, ana ɗauka ya karɓe shi lafiya ta fuskar ƙananan gyare-gyare, sai ya kawo hujjar akasin haka. Rashin takarda yana cutar kowa ta gefensa.

Hajiya Mai Gidan Haya, Ngaundare

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana, ka ɗauki biro ka raba lissafin gida biyu, za ka ga rigimar ba ta kai yadda ake jin ta ba. Haya daban, gyara daban. Ana bin sa 60,000. In kafinta ya tabbatar da aikin rufi, ana bin Goggo 65,000. Tsakaninsu 5,000 ne. Fenti ya fita. Kuba ta fita, sai dai ya bar wa kansa ita in zai tashi ya mayar da tsohuwar. Kan famfo na tsakar gida ne, mutum huɗu ke murɗa shi safe da yamma, 750 ke nan kowane ɗaki, sauran ukun su mayar masa da 2,250. Wata mai zuwa ya kawo 15,000, magana ta mutu. Goggo ta rubuta masa rasit na wata ukun nan ɗaya bayan ɗaya, a kan kowanne a sa cewa an biya ta hanyar gyaran rufi, shi kuma ya miƙa mata takardun shagon da ya sayi kaya. In babu takardun, a je shagon tare a tambayi farashi. Kuɗin ajiya 40,000 kada a taɓa shi a wannan lissafi, na ranar tashi ne.

Amma kada a tashi daga zaman ba a gaya masa inda ya yi kuskure ba. Matar da ke cin abinci da haya, ka hana ta wata uku a jere, a lokacin da yara ke komawa makaranta, wannan ba daidai ba ne ko da kuɗin naka ne. Yadda ake yi shi ne a cire rabi a ba da rabi: 10,000 duk wata, cikin wata bakwai an gama, tukunyarta ba ta sauka ba. Ita ma Goggo, kalmar "sai damina ta wuce" ba a faɗa wa wanda ruwa ke zuba a kan shimfiɗarsa. In babu kuɗi a hannu, sai ta ce ya kawo kafinta ya yi lissafi ta gani, ta amince da abin da za ta iya, a cire a haya. Da an yi haka da ba a kai nan ba.

A kan masai ina da ɗan bambanci da Malam Akawu. Doka ta ce na mai gida ne, na yarda, amma a fara zura doguwar sanda a ga abin da ya cika shi. In ruwa ne tsululu, a unguwannin da ke gangare kusa da kogin Binuwai ruwan ƙasa ne ke tasowa da damina. Wanda ya kira mota a Satumba ya zubar da kuɗinsa, sati biyu ramin ya koma yadda yake. A jira ruwa ya ja, a kuma duba ko ruwan wanka ne aka karkatar cikin ramin, in haka ne a haƙa masa nasa daban. In kuwa sandar tana cin karo da leda da tsumma da ƙunzugun yara na kanti, wannan aikin mazauna ne. Motar zuƙa ba ta jan irin wannan, tiyo ke toshewa, sai an ƙara kuɗi an kwashe da hannu. Adalci a nan shi ne Goggo ta biya mota, su haɗa kuɗin ƙarin. Kuma duk wanda zai yi aikin hannu, a buɗe ramin ya sha iska sosai tukuna, kada mutum ya shiga babu igiya babu na tsaye a bakin rami. Iskar cikin masai tana kashewa.

Bayan an shirya, a yi wa ɗakuna huɗun takarda. Shafi ɗaya ya isa: kuɗin haya da ranar biya, kuɗin ajiya, halin ƙofa da taga da silin da bango ranar da aka rubuta, da hotuna a waya. A sa cewa gyaran da bai wuce 5,000 ba na kayan da hannu ke taɓawa kullum na ɗan haya ne, abin da ya wuce haka ba a fara shi sai da amincewar mai gida a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne. A sa abin da za a yi in gaggawa ta taso ba a same ta ba. Sannan ta riƙa ware hayar wata ɗaya ta kowane ɗaki a shekara, 80,000 ke nan a gidan, a ajiye wa gyara kaɗai.

Almajirin Zaure, Kusuri

Allah ya saka da alheri. Tunda da yawa daga cikin irin wannan magana gaban mai unguwa ko alƙalin fadar Lamiɗo take fara zuwa kafin kotu, yana da kyau a san abin da malamanmu na Malikiyya ke karantarwa, don ya ɗan saɓa da abin da Malam Akawu ya kawo. A Muhtasar na Shehu Halilu, ba a tilasta wa mai gida yin gyara. In lalacewar tana cutar da mazaunin, kamar yoyon da ke zuba a kansa, an ba shi zaɓi: ya raba hayar ya tashi, ko ya zauna ya biya. In ya gyara da kuɗinsa ba da izini ba, masu sharhi sun ce ana ɗaukarsa mai sa kai. In wa'adi ya ƙare, mai gida ya zaɓa, ko ya biya shi ƙimar kayan a matsayin ɓaraguzan da aka cire, ko ya ce ya kwashe abinsa. Kun ga ladan kafinta ba ya ciki ke nan. To mai ɗakin nan ya sani, in aka je fada yana iya samun ƙasa da abin da Hajiya ta lissafa masa.

Wani abin da ya shafi takardar da za ku rubuta: ya halatta a yi sharaɗin ɗan haya ya yi gyara ko yaɓe a cire daga hayar da ta riga ta hau kansa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a ce duk gyaran da ya taso daga aljihunsa ne, ba iyaka, domin a nan kuɗin hayar ya zama abin da ba a san adadinsa ba. Iyakar da Hajiya ta ce a sa tana rage wannan duhun, in an ƙara da faɗin irin kayan da ake nufi ɗaya bayan ɗaya ya fi tsabta.

Ɗan Goggo, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. An hau jiya. Falle huɗu ne sababbi, lat uku cikin huɗun da aka cire gara ta cinye su, parabol ɗin mai ɗakin a kan ƙarfe yake a ƙasa. Tsofaffin kwanon kuwa ya ce ya sayar wa masu sayen alminiyon 6,000. Yanzu ya ta da maganar katifarsa da ruwa ya ɓata, 35,000. Sannan akwai shago a ƙofar gidan da tela ke haya, katangar da ke jikinsa ta tsage. Shi ma hukuncinsu ɗaya?

Akawun Lauya, Garwa

Tsohon kwano dukiyar Goggo ce, kuɗinsa ya fita daga lissafi. 65,000 a cire 6,000, saura 59,000. Ya riƙe 60,000, shi ake bi 1,000 yanzu.

Katifa tana da wuya a gare shi. Sashe na 1146 ya ce diyya tana hawa ne bayan an yi wa mutum gargaɗi ya ƙi cikawa. Sai a tambaye shi yaushe ta jiƙe. In a daren farko ne, kafin ya kira kowa, Goggo ba ta san da yoyon ba balle a ce ta ƙi. In bayan kiran ne, sai a tambaye shi me ya hana shi janye ta daga ƙarƙashin yoyon da ya riga ya sani. Tunda gara ce ta jawo abin, yana iya kafa hujja da sashe na 1721 kan aibin da ke jikin gida, don haka ba zan ce ba shi da ta cewa sam ba. In ta yafe masa 1,000 ɗin ta ƙara wani abu kaɗan don a rufe bakin maganar, a rubuta cewa ya janye da'awar katifa.

Shago dokarsa daban. Hayar wurin sana'a tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA (ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci ɗaya), wadda aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, kuma ita ce ke aiki a Kamaru da Cadi, mai shago a Kusuri da na Njamena hukuncinsu ɗaya. Sashe na 106 ya lissafa manyan gyare-gyaren da ke kan mai gida: manyan bangaye, ginshiƙan da ke ɗauke da rufi, rufin kansa, katangar da ta kewaye gida, ramin masai da ramin ruwan datti. Ana kuma rage haya gwargwadon kwanakin da aikin ya hana mai shago amfani da wurinsa. In mai gida ya ƙi, sashe na 107 ya ba ɗan haya damar neman izinin kotu cikin gaggawa, ita ce za ta yanke adadin kuɗin da yadda za a mayar masa. Gyaran yau da kullum na tela ne, sashe na 114. Katangar ta Goggo ce. A manna ɗan yaɓen siminti a kan tsagar a wuri biyu, a rubuta kwanan wata a gefe. In ya sake tsagewa cikin 'yan makonni, katangar tana tafiya ne, a kira magini ya duba tushe kafin damina mai zuwa.

Takardar sulhun ku yi ta kwafi uku, ta Goggo, ta mai ɗakin, da ta mai unguwa. A rubuta kowane adadi da lamba da kuma haruffa, shaidu biyu su sa hannu, ɗaya daga kowane ɓangare. In Goggo ba ta karanta boko, a karanta mata da Hausa a gaban shaidun kafin ta dangwala yatsa, a kuma rubuta a ƙasan takardar cewa an karanta mata.